Ciwon da Ya Ƙi Tafiya, da Jinyarsa ta Hanyar Waya

Duk wanda ya taɓa zama da dattijo mai ciwon gwiwa, ko da matar da ciwon baya ya kama tun haihuwarta ta uku bai sake ta ba, ya san cewa ciwo iri biyu ne: akwai mai zuwa da gargaɗi, kamar na ƙuna ko na karaya, wanda da zarar rauni ya warke sai ya wuce, akwai kuma mai shimfiɗa tabarmarsa ya zauna har ya haura wata uku, alhali kuwa wani lokaci an duba jini an ɗauki hoto ba a ga sababinsa ba. Wannan na biyun shi likitoci ke kira ciwo mai daɗewa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware masa rukuni na kansa a cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a shekarar 2022.

Tun a shekarar 1965 masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka bayyana cewa saƙon zafi, a kan hanyarsa ta zuwa ƙwaƙwalwa, yana ratsa wata ƙofa a cikin lakar gadon baya, kuma ita ƙwaƙwalwar tana da ikon ƙara buɗe ta ko rage ta. Saboda haka tsoro da baƙin ciki da rashin barci suna ƙara wa ciwo kaifi, natsuwa kuwa tana dusashe shi. Malamanmu na da ba su jahilci wannan alaƙa ba, domin Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 ta Miladiyya, ya wallafa littafi a kan maslahar jiki da ta rai, inda ya nuna cewa rashin lafiyar ɗayansu yana taɓa ɗayan.

A bisa wannan asasi aka gina jinyar da ake yi da magana da horon tunani, wadda a yanzu ake iya samunta ta intanet ba tare da mutum ya bar ɗakinsa ba. A Ostareliya, masana na Jami'ar Macquarie da ke Sidni sun tsara wani karatu mai darasi 5 da ake yi cikin mako 8: majinyaci yana karantawa a wayarsa ko kwamfutarsa, yana jarraba abin da ya koya a cikin harkokinsa na yau da kullum, ƙwararre kuma yana tuntuɓarsa da saƙo ko da kira. Abin da ake koyarwa shi ne gane waswasin da ke raya wa mutum cewa kowane motsi yana ƙara lalata masa jiki, da gyaran barci, da sassauta numfashi, da raba aiki daidai gwargwado. Domin al'adar mai ciwo ita ce, ranar da ya ji dama-dama sai ya yi aikin kwana uku a yini guda, kashegari ya kwanta warwas, alhali da ya ɗauka kaɗan-kaɗan yana ƙarawa da sannu, da ya fi cin nasara, tunda sannu ba ta hana zuwa.

Wajibi ne a faɗi haƙiƙa game da natijar wannan jinya. Binciken da aka yi ya nuna cewa zafin kansa yakan ragu ne kaɗan, amma damuwa da ƙuncin rai suna sauƙi, mutum kuma yakan koma ga sana'arsa da zumuncinsa. Ganin haka ne hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ba da shawara a shekarar 2021 cewa, ga ciwo mai daɗewa wanda ba a gano wata cuta a ƙarƙashinsa ba, a yi amfani da motsa jiki da wannan horo, kada a fara ɗora majinyaci a kan ƙwayoyi dangin tiramadol da kodin. Mu kuwa mun san illar waɗannan ƙwayoyi a garuruwanmu, har ta kai gwamnatin Nijeriya ta haramta maganin tari mai kodin a shekarar 2018. Su ma ƙwayoyin ciwon jiki da ake saye a kemis ba da takardar likita ba, yawan shansu yana haddasa gyambon ciki, yana kuma raunana ƙoda.

Sai dai ga gargaɗi. Waya ba ta taɓa jiki, ba ta auna jini, don haka likita ne farkon wanda za a je wa. Idan kuwa ciwon yana tare da rama ba dalili, ko zazzaɓi, ko mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, to asibiti ya wajaba nan take. Mai amosanin jini da ciwonsa ya tashi, shi ma asibiti ne wurinsa. Wanda ya daɗe yana shan ƙwaya mai ƙarfi kada ya yanke ta rana ɗaya sai da shawarar likitansa. A kuma yi hattara da masu talla a Facebook da WhatsApp da ke alkawarin waraka cikin mako guda, suna neman kuɗi tun kafin su ji matsala. A nemi sanin inda mutum ya yi karatu, da hukumar da ta ba shi izini, da kuma inda sirrin majinyaci zai tafi bayan ya rubuta shi.

Mu kuma 'yan'uwan majinyaci, idan likita ya tura shi wajen masanin halayyar ɗan Adam, kada mu ce ashe dama raki ne, ko mu raɗa cewa taɓin hankali ya same shi. Zafin da yake ji gaskiya ne, kuma neman sababin sauƙi ba ya warware tawakkali. Abin da yake buƙata a wurinmu shi ne mu taya shi karanta darasinsa in karatu ya yi masa nauyi, mu kuma raka shi ɗan tattakin da aka umarce shi da shi, ko da daga zaure ne zuwa masallaci.