Gadar Keken Guragu a Bas ɗin Amurka: In Ta Ƙi Fitowa, Kada a Yi Shiru

A yawancin motocin bas na cikin gari a Amurka, akwai wata 'yar gadar ƙarfe a naɗe a bakin ƙofar gaba. Direba ya danna maɓalli, motar ta ɗan durƙusa, ƙararrawa ta kama kuka, gadar ta buɗe ta kwanta a gefen titi, mai keken guragu ya hau abinsa ba tare da an cicciɓe shi ba. Mai lafiyar ƙafa ko kallonta ba ya yi. Amma ga wanda ke kan keke, ranar da ta ƙi fitowa, da zuwan motar da rashin zuwanta duk ɗaya ne.

Ba a banza aka samu wannan gada ba. A watan Yulin 1978, mutum 19 masu lalurar ƙafa suka tare motocin bas a tsakiyar birnin Denver don neman a ba su damar shigarsu, suka kwana a kan titi. Sai a 1990 Shugaba George Bush na farko ya sa hannu a dokar kare haƙƙin naƙasassu, wato ADA, wadda ta wajabta cewa duk sabuwar bas ɗin da hukumar sufuri za ta saya ta zama mai keke zai iya shigarta.

To, sakawa daban, kulawa daban. Gadar tana zaune ne a wurin da kowane fasinja ke takawa, don haka yashi da tsakuwa da guntayen shara suna cusuwa a gaɓoɓinta. Lokacin dusar ƙanƙara kuwa, gishirin da ake barbaɗa wa tituna yana shiga da takalman mutane, ya ci ƙarfe, ya ci wayoyin lantarki. Mai ya yi yoyo, giris ya bushe. Akwai kuma na'urar da ke riƙe birki muddin gadar na waje. In ta rikice, ko gadar ta ƙi motsi, ko motar ta ƙi tashi. Mafi muni shi ne rashin amfani: gadar da ta yi makonni ba a buɗe ta ba, ba a sanin ta mutu sai mai keke na jira cikin sanyi. Shi ya sa hukumomi da yawa ke sa direba ya buɗe ta ya rufe kafin ya bar gareji. A ganina, direban da ya tsallake wannan ɗan gwajin don sauri, shi ya fi makaniki laifi.

'Yan'uwanmu da ke zaune a can, irin Hausawan Ghana da Nijar da ke Bronx a birnin New York, musamman masu fita da tsofaffi asibiti, ya kamata su san abin da ƙa'idar gwamnatin tarayya ta tanada. Wajibi ne direba ya kai rahoton lalacewar nan take. Wajibi ne a janye motar daga aiki kafin zirga-zirgar washegari. In babu wata da za ta maye gurbinta, an yarda ta ci gaba da aiki kwana 3 kacal a yankin da jama'arsa ta haura 50,000, kwana 5 a inda ba su haura haka ba. Idan kuma bas mai lafiyayyar gada ba za ta iso ba sai bayan minti 30, hukumar ce za ta samar wa mai keken wata hanyar tafiya.

Ga wani abu da fasinjoji da yawa ba su sani ba: galibin irin gadar nan mai naɗewa ana iya buɗe ta da hannu, akwai 'yar igiya ko mariƙi da direba zai ja. Saboda haka in ya ce maka lantarkinta ya mutu, ka roƙe shi cikin mutunci ya buɗe da hannu. Kada a yarda wasu su ɗaga mutum da kekensa don tausayi. Keken lantarki yana da nauyin gaske, in ya suɓuce sai a samu karaya. Masu lafiya su ma su ja da baya da zarar ƙararrawa ta fara, su riƙe hannun yara.

In an bar ka a tasha, rubuta lambar motar, da lambar hanya, da lokaci. A New York ana kiran 511 don kai ƙorafi ga hukumar sufuri ta MTA. Idan hukumar garinku ta yi biris, ofishin kare haƙƙin jama'a na hukumar sufuri ta tarayya, FTA, yana karɓar ƙara cikin kwana 180 daga ranar da abin ya faru.