Geron Damargu a ɗakin bincike: Abin da ya kamata masu awo su sani

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Bakin Birji, ko ta Tanut, ko ta Balbeji a daidai lokacin da hadari ya fara haɗuwa a gabas, ya san masu saye kashi biyu ne ke tsugunawa gaban mai awo. Akwai mai neman geron ci, wanda ba ruwansa da inda geron ya fito muddin tiya ta cika kuma babu tsakuwa. Akwai kuma wanda zai ɗebi ƙwayar ya murza a tafin hannu, ya dube ta da kyau, sannan ya ɗaga kai ya ce, "Hajiya, wannan na ina ne?" Shi wannan manomi ne da rumbunsa ya ƙare tun da bazara, har irin da ya ajiye an surfe an ci, ya zo neman abin shuka. Amsar da za a ba shi na iya zama sanadin cikar rumbunsa, ko kuma asarar daminarsa baki ɗaya.

Dalili kuwa shi ne ƙasar Damargu, wato gundumomin Tanut da Balbeji a Jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, tana bakin iyakar inda noman damina ke yiwuwa. Garin Tanut na da nisan kimanin kilomita 150 arewa da Damagaram a kan hanyar Agadas, kuma ruwan da ake samu a shekara bai cika wuce milimita 300 ba. Duk da haka an daɗe da sanin Damargu a matsayin rumbun gero, domin tun zamanin ayari daga nan Abzinawa ke ɗaukar hatsi su yi arewa da shi. Babban abin da ya riƙe manoman yankin shi ne irin da suka gada, musamman Ankutes, mai gajeruwar zangarniya da saurin nuna.

Abin da da yawa daga cikin 'yan kasuwa ba su sani ba shi ne, akwai ɗalibai masu neman digiri na biyu da na uku a fannin ilimin halittu da suka ƙarar da shekaru suna bin diddigin geron Nijar. Irin wannan karatu ba na zama a aji ba ne kawai. Ɗalibi kan ɗauki tambaya guda, ya yi shekara uku ko huɗu yana neman amsarta tsakanin gona da ɗakin gwaji, sannan ya tsaya gaban manyan malamai ya kare abin da ya gano.

Tsohon iri da sabon iri

A shekarar 1976, jim kaɗan bayan farin 1973, masana daga wata cibiyar bincike ta Faransa da a lokacin ake kira ORSTOM, wadda daga baya ta koma IRD, sun zagaya ƙauyukan Nijar suna karɓar irin gero daga hannun manoma, suka adana shi a ɗakin sanyi. Bayan shekara 27, wato a 2003, aka sake komawa ƙauyuka 79 da aka ziyarta a wancan karo, aka karɓo irin da mutane ke shukawa. Tsakanin zuwan farko da na biyu an sha fari iri-iri, ciki har da yunwar 1984 da dattawa ke kira El-Buhari.

Sai aka shuka tsohon irin da sabon gefe da gefe a tashar bincike ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, ana auna tsawon kara da na zangarniya, ana kuma ƙirga kwanakin da kowanne ya yi kafin ya yi bununi. Sakamakon da aka wallafa a 2011 ya nuna cewa geron 2003 ya ɗan fi na 1976 saurin fidda kai, karansa da zangarniyarsa kuma sun fi gajarta. Abin lura shi ne ba wai manoma sun watsar da irin iyayensu sun ɗauki baƙo ba ne. Yawanci sunayen suna nan yadda suke, geron ne da kansa ya sauya ya bi yanayin damina.

A nan ne aikin wani ɗan Nijar, Abdoul-Aziz Saïdou, ya shigo. Lokacin yana ɗalibin bincike a birnin Monpeliye na Faransa, shi da abokan aikinsa sun wallafa a 2009 cewa wata ƙwayar gado da ake kira PHYC na da alaƙa da lokacin da gero ke yin bununi da kuma tsawon zangarniyarsa. Ƙwayar gado wani ɗan saƙo ne da ke cikin jikin kowace halitta, wanda ɗa ke gada daga iyaye, kamar yadda yaro kan ɗauko hancin mahaifinsa. Ita PHYC tana cikin waɗanda ke taimaka wa shuka ta gane hasken rana. Da aka duba, sai aka tarar nau'inta mai sa saurin nuna ya kusa ninkawa a geron Nijar, daga kusan kashi 10 cikin 100 a 1976 zuwa kimanin kashi 18 a 2003.

Yadda abin ke faruwa ba shi da wuyar fahimta. Idan ruwa ya ɗauke da wuri, geron da ya yi saurin fidda kai ne ke cika ƙwaya, mai nawa kuma ya bushe a tsaye. Da kaka manomi zai zaɓi zangarniyar da ta fi kyau ya ɗaure ta daban domin iri. A haka, shekara bayan shekara, iri ke saba wa ƙasarsa. Ashe gaskiyar Bahaushe ne da ya ce da tsohuwar zuma ake magani.

Ina ruwan mai awo?

A shekarar da amfani bai yi kyau ba, kamar 2005 bayan fari da farar ɗango na 2004, hatsin da ke cika kasuwannin arewa daga kudu yake fitowa, wani ma daga Najeriya. Wannan gero ba shi da laifi a tukunya, amma ya saba da ƙasar da damina ke daɗewa. Idan aka shuka shi a Tarka ko Gangara, zai iya yin kara da ganye gwanin sha'awa, ruwa ya ɗauke bai cika ƙwaya ba. Haka kuma geron da aka sussuke gaba ɗaya ba tare da zaɓen zangarniya ba yakan zo da shibra a ciki, wadda ke kakkaɓewa tun kafin girbi.

Saboda haka ya kamata mai awo ya ware buhun iri daga buhun ci tun da kaka, ya tambayi garin da kowanne ya fito, kada ya gauraya na Damargu da na kudu don buhu ya cika. A ajiye irin a wuri busasshe, a ɗora shi kan katako. Kafin a sayar, a ƙirga ƙwaya 100 a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, a riƙa yayyafa ruwa, bayan kwana biyar a duba nawa suka tsira. Irin da aka shafa wa magani kuwa, wanda sau da yawa akan gan shi da launi, na shuka ne kawai, kada a kuskura ya shiga turmi.

Sai dai saurin nuna ma na da nasa ƙalubalen, domin geron da ya riga fidda kai yakan fi gamuwa da tsuntsu da murzuna, tsutsar nan mai cin zangarniya. A kan wannan ma bincike bai kwanta ba. Tun daga 2006 masana na cibiyar INRAN a Maraɗi, irin su Ibrahim Baoua da ɗalibansa, suka riƙa kiwon wani ɗan ƙwaro mai kama da rina, wanda bai kai ƙwayar shinkafa girma ba, ana kai shi ƙauyuka cikin ƙananan buhuna. Shi yana harbin murzuna ya sandarar da ita, ya yi ƙwai a jikinta, 'ya'yansa su cinye ta. A 2018 kuma aka fitar da wani sabon iri a Nijar mai suna Chakti, wanda ke nuna cikin wata biyu da 'yan kwanaki, kuma ya fi geron da aka saba sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, abin da mata masu ciki da yara ke matuƙar buƙata.

A yau ɗan Damargu ba sai ya je Yamai ba kafin ya fara karatun kimiyya, tunda ga Jami'ar André Salifou a Damagaram, ga ta Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi. Don haka idan wata rana yaro ko yarinya suka tsuguna gabanki da littafi a hannu suna tambayar sunan geron da kike aunawa da garin da ya fito, kada ki ɗauka masu karɓar haraji ne. Ki gaya musu abin da kika sani, domin da irin waɗannan amsoshi aka fara binciken 1976. Shi kuma manomin da ya tambayi asalin iri, a faɗa masa gaskiya ko da cinikin ranar zai wuce, domin idan rumbunsa ya cika, shi ne dai zai kawo miki dami da kaka. Allah Ya ba mu damina mai albarka.