Sauya furosesa a tsohuwar kwamfutar tebur: nazari daga Tasawa da Mayahi

1. Gabatarwa

A ma'aikatun magajin gari, da makarantu, da asibitocin karkara na gundumomin Tasawa da Mayahi, ana aiki da kwamfutocin tebur waɗanda da yawansu na hannu ne. Idan na'ura ta yi nauyi, shawarar da akan fara bayarwa ita ce a sauya furosesa, wato sashen da ke yin lissafi. A wannan maƙala za mu duba ko hakan ya cancanci kuɗinsa, tunda a wuri irin Korgom ko Kanembakashe, tsayuwar na'ura ɗaya tana iya jinkirta takardun haihuwa ko rahoton wata.

2. Iyakar da gurbi yake sanyawa

Kowane furosesa yana zama ne cikin gurbi na musamman a kan babban allon na'ura. Gurbin LGA 775 na kamfanin Intel, wanda ya fito a 2004, ya ɗauki Pentium 4 da kuma Core 2 Duo na 2006, amma ba kowane allo mai wannan gurbi yake karɓar na biyun ba. Gurbin LGA 1155 na 2011 yana karɓar zubi na biyu da na uku na jerin Core kawai. Saboda haka sauyi ba ya fitar da na'ura daga zamaninta.

Wannan yana da muhimmanci, domin Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 yana neman furosesan Intel na zubi na takwas ko sama, tare da TPM 2.0. Babu furosesan da za a saka cikin gurabun nan biyu ya cika wannan sharaɗi.

3. Zafi, ƙura da wuta

Wanda ya cire Core i3-2100 mai cibiya biyu ya saka Core i5-2400 mai cibiya huɗu ya ƙara ƙarfi, amma zafin da ake buƙatar fitarwa ya tashi daga wat 65 zuwa 95. A bazara, watannin Afirilu da Mayu, zafi yakan wuce digiri 40 a jihar Maradi, ƙurar hunturu kuma ta riga ta toshe fanka. Furosesan da ya yi zafi yakan rage gudunsa da kansa, sai ribar ta tafi.

Ga kuma batun wuta. Yankin yana dogara da layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa, kuma an ga raunin hakan lokacin da Nijeriya ta yanke wutar a Agusta 2023, har zuwa Maris 2024. Inda ake aiki da hasken rana da batir, kowane wat yana da lissafinsa.

4. Inda nauyin yake

A aikin rubutu da cika jadawali, ba furosesa ne yakan jawo jinkiri ba. Faifan ajiya mai juyawa yana karanta wajen megabait 100 zuwa 150 a daƙiƙa, na SSD kuwa wajen 500. Haka nan RAM mai gigabait 2 ko 4 takan cika da zarar an buɗe intanet.

5. Kammalawa

Muna ba da shawarar a bi wannan tsari: a share ƙura a sabunta man da ke tsakanin furosesa da abin sanyaya shi, a saka SSD, a kai RAM gigabait 8 in allon ya yarda, sannan a yi tunanin Linux mara nauyi. Sauya furosesa yana da amfani ne kawai idan an tabbata allon zai karɓe shi, farashinsa kaɗan ne, kuma aikin na lissafi mai yawa ne, kamar tace alƙaluman binciken ɗalibi. In ba haka ba, gara a tara kuɗin don sayen wata na'ura.