Bas Ta Tsaya A Kwalta, Mu Kuwa Muna Can Ciki

Duk wanda ya bi hanyar Katsina ta Bichi da Tsanyawa, ko ta Daura wadda ta ratsa Dambatta, ya san babu daji a ƙasar nan. Gona na bin gona, gida na hangen gida, gero da dawa da gyaɗa har bakin kwalta. Jama'a kuwa tinjim. To, me ke ɗaukarsu?

A 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar da shirin sufurin jama'a, lokacin da tsarin SAP ya sa mota da kayan gyaranta suka gagari mutane. Jihohi suka yi ta zuba bas-bas. A nan, motocin Kano Line ne kowa ya sani, kuma sun taimaka ƙwarai: tasha sananniya, kuɗi a ƙayyade, ba ciniki da kamasho. Amma tafiyarsu daga birni zuwa birni ce. Motar da ta cika tun daga tasha ba ta da gurbin mai jira a mararraba. Haka bas 100 na Kanawa da gwamnatin Ganduje ta fito da su a 2022, domin cikin birni aka sayo su.

Da yawa daga ikilisiyoyinmu suna nesa da kwalta, a ƙarshen burji ko turbar shanu. Can sai acaɓa, sai akori-kura ranar kasuwa, mutum da buhu da akuya a haɗe. Da damina ma wannan sai an yi sa'a. Mai naƙuda a bayan babur ake kai ta asibiti. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023, akwai matan zumunta da ke lissafin tiya nawa za su sayar kafin su halarci taron gunduma. Ga kasuwar Dambatta ranar Lahadi take ci, ranar da mota ta fi samuwa ita ce ranar da muke sujada.

Muna ganin lokaci ya yi da dattawan ikilisiya za su zauna da masu unguwanni da maƙwabtanmu Musulmi, gama turba ɗaya muke bi, a rubuta sunayen ƙauyuka da ranakun kasuwa, a kai wa ƙaramar hukuma da hukumar sufuri. Ƙaramar bas guda, sau biyu a mako, ita muke roƙo.