Tantin Matafiyi: Sauƙin Ɗauka Ko Kariya?

A shekarar 1955 wata dattijuwa Ba'amurkiya mai shekara 67, Emma Gatewood, ta taka hanyar duwatsun Afalashiya ita kaɗai, daga jihar Jojiya har Maine. Tsawon hanyar ya kai kimanin kilomita 3,500. Ba ta ɗauki tanti ba, labulen wanka ne ya kare ta daga ruwan sama.

To, matafiyin yau zaɓi uku gare shi. Tamfol ya fi sauƙin ɗauka, amma ba ya hana sauro. Tanti mai rufi ɗaya, wanda ake kafawa da sandunan dogarawa, sau da yawa bai kai kilo ɗaya ba, sai dai tururin numfashi yakan taru a ciki ya jiƙa bargo. Mai rufi biyu ya fi nauyi, amma mutum yakan kwana a bushe.

Shawarata ita ce, ka fara duba yanayin inda za ka. Inda akwai sauro da ruwa, kada ka guji ƙarin rabin kilo. Kuma ka koyi kafa shi tun a gida, kafin hadari ya rutsa da kai a daji. Rigakafi ya fi magani.