Bidiyon Kirsimeti A Zangon Kumasi: Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

Duk wanda ya taɓa shiga Kumasi a watan Disamba ba ya buƙatar kalanda kafin ya san Kirsimeti ta ƙarato. Tun daga Adum har zuwa kasuwar Kejetia lasifika ce ke tashi ta ko'ina, ga cunkoson masu saye, ga 'yan ƙasa da suka dawo hutu daga Turai da Amurka da guzurinsu. Ashantawa, waɗanda kakanninmu fataken goro ke kira Tonawa, suna ce wa wannan biki Bronya. Mu mutanen Zango, a Aboabo da Asawase da Sabon Zango, akasarinmu Musulmi ne, amma kasuwar bikin da mu ake cin ta. Shanun da ke shigowa ta Paga, albasar da ke zuwa daga Nijar, atamfa da takalman da ke bi ta Aflao, da yawansu ta hannunmu suke bi kafin su isa gidan mai biki.

Abin da ya canza shi ne yadda ake kiran mai saye. A da ɗan kasuwa muryarsa ce tallarsa. Yau kuwa yaron shago ne ke ɗaga wayar salula ya ɗauki gajeren bidiyo na kayan, ya ɗora kiɗa, ya tura ta WhatsApp ko Facebook ko TikTok. Wani lokaci kamfanoni da gidajen rediyo kan sa gasar irin wannan bidiyo a ƙarshen shekara, kuma sharaɗin da ya fi kayar da matasanmu shi ne wanda ke cewa kiɗan ya zama naka na kanka. To, me ya sa ake matsawa a kan wannan, alhali ga waƙoƙi nan birjik a cikin waya?

Waƙa ma haja ce

Amsar a wajen ɗan kasuwa ba ta da wuya. Waƙa haja ce, tana da mai ita. A Ghana dokar haƙƙin mallaka ta 2005, mai lamba 690, ta ba mawallafi iko a kan aikinsa tsawon rayuwarsa, magadansa kuma su ci gaba da riƙewa shekara 70 bayan rasuwarsa. Tun 2011 akwai ƙungiyar GHAMRO mai karɓar wa mawaƙa kuɗi daga masu amfani da waƙoƙinsu a wuraren sana'a. Ƙetare iyaka ma ba ya raba mutum da wannan hukunci, domin Nijeriya ta sabunta tata dokar a 2023, Nijar tana da hukumar BNDA, Burkina Faso tana da BBDA, Togo kuma BUTODRA, sannan dukkansu suna cikin yarjejeniyar Berne wadda ta sa kowace ƙasa ke kare aikin mawallafin 'yar'uwarta.

Kafin ma a kai ga kotu, na'ura ce ke fara kama mutum. Tun 2007 YouTube ke da tsarin da ke sauraren duk bidiyon da aka ɗora, ya gwada sautinsa da waƙoƙin da masu su suka yi wa rajista. Idan ya ci karo da na wani, ko a toshe bidiyon, ko kuɗin tallar da ya jawo ya tafi aljihun mai waƙar. Facebook ma kan kashe sauti. Alal misali, a ce mai atamfa ya biya an yi masa bidiyo, farashi da lambar shago duk a baki aka faɗe su, sai aka wayi gari ranar 20 ga Disamba bidiyon ya zama bebe. Kuɗi ya tafi, kasuwar mako guda da ake jira shekara ta wuce. Ya kamata kuma a sani cewa yawancin fitattun waƙoƙin da waɗannan manhajoji ke bayarwa, don nishaɗi aka ba da izininsu, ban da tallar kaya.

Wani zai ce ai waƙoƙin Kirsimeti tsofaffi ne, ba su da mai su. Da gaskiyarsa ta wani ɓangare. Silent Night a 1818 aka tsara ta a ƙasar Ostiriya, Jingle Bells kuma an buga ta a Amurka a 1857, don haka kowa na iya rera su. Sai dai haƙƙi biyu ne a kowace waƙa: na wanda ya tsara ta, da na wanda ya ɗauke ta a faifai. Idan ka kwafo muryar wani mawaƙi na zamani yana rera tsohuwar waƙa, ka shiga gonar kamfaninsa.

Darasin Yaa Amponsah

Hatta kiɗan gargajiya a Ghana yana da mai tsaronsa, kuma labarin daga Kumasi ya faro. A 1928 wasu makaɗa uku da ake kira Kumasi Trio suka je Landan aka ɗauki waƙarsu Yaa Amponsah a faifai. Bayan shekara fiye da 60, a 1990, mawaƙin Amurka Paul Simon ya yi amfani da salon kiɗan a kundinsa, ya kuma aiko wa Ghana da kuɗin haƙƙi. Wannan kuɗi ne ya taimaka aka kafa hukumar kula da al'adun gargajiya ta ƙasa. Dokar 2005 ta ɗora haƙƙin kayan gargajiya a hannun Shugaban Ƙasa a madadin jama'a, ta ce mai son cin kasuwa da su, ko ɗan ƙasa ne, sai ya nemi izini ya biya. Saboda haka mai shiga gasa ya fi samun kwanciyar hankali idan ya ɗauki kalangu ko goge ko gurmi ya ƙirƙiro sabon kari, maimakon ya kwaso sanannen take dungurungum.

Idan mai karatu na ganin abin ya fi ƙarfin yaran Zango, to ya tuna da waɗanda suka riga su. Ƙungiyar VIP daga Nima a Akra ta fito, ta sa Hausar Zango a cikin waƙoƙin da duk Ghana ta yi rawarsu. Mawaƙan nan biyu, Wutah, daga kalmarmu ta wuta suka samo sunansu, kuma a gasar Nescafé ta 2004 aka fara sanin su, inda suka zo na biyu a bayan ƙungiyar Praye. A 2017 suka fitar da tasu waƙar mai suna Bronya. A 2020 kuma samarin Kumasi suka fito da salon Asakaa, waƙar Sore ta Yaw Tog ta zagaya duniya ta intanet. Mu ma a gida ai mun saba: Alhaji Mamman Shata ya yi wa 'yan kasuwa da direbobi waƙa, kowa da tasa, ba a ɗauko ta wani a liƙa masa ba.

Yadda ake haɗa shi

Gajeren bidiyo, daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya, labari ɗaya yake ɗauka. A zaɓi abu guda: tela da ke kwana a kan keke don ya cika alkawarin ɗinkin biki, ko mai waake da ke zuba wa maƙwabcinta Kirista, ko ɗan dako da ya tara kuɗin motar zuwa gida. A rubuta shi a takarda, hoto biyar ko shida, kafin a taɓa waya.

Kiɗa ake fara yi, sannan hoto ya bi shi. Amshi ɗaya gajere ya isa, da Hausa ko da Twi ko a gauraya, yadda mai saye daga kowane ɓangare zai kama shi. Kada a ɗauki murya a tsakiyar Kejetia, domin hayaniya za ta cinye ta, kuma waƙar da lasifikar maƙwabci ke bugawa na iya shiga ciki, na'ura ta kama ka da laifin da ba ka sani ba. A shiga ɗaki a rufe taga, ko a je ƙaramin situdiyo. Hoto kuwa da sassafe ko da la'asar ya fi kyau, don hazon hunturu kan dusashe launin kaya da tsakar rana. Kada a sa fuskar kowa sai da yardarsa, yara kuma sai da ta iyayensu.

Magana ta zama a rubuce

A nan ne aka fi samun saɓani. Ɗan kasuwa ya ba yaro 'yan sidi ya yi masa kiɗa, shi a ganinsa ya saya, yaron kuma a ganinsa aro ya bayar. Idan bidiyon ya ci kyauta, ko waƙar ta yi tashe, sai rigima ta tashi har gaban mai unguwa. Dokar Ghana ta ce sayar da haƙƙin mallaka sai a rubuce, da sa hannun mai shi. Takarda ɗaya ta wadatar: sunan mai waƙa da na makaɗi, nawa aka biya, an sayar ne ko an ba da izini na wani lokaci, da yadda za a raba kyauta idan an ci. A ajiye kwafin farko na sautin da kwanan watansa, shi ne shaida.

Haka nan a karanta sharuɗɗan gasa har ƙarshe, ko a sa wanda ya iya ya karanta. Wasu kan rubuta cewa duk abin da aka turo ya zama mallakarsu, ko an ci ko ba a ci ba. Wanda kuma ya bugo waya ya ce ka yi nasara amma ka fara turo kuɗi ta waya ko lambar sirrinka, to ka san da ɗan damfara kake magana.

Kakanninmu da suka bi hanyar Gwanja da jakuna, goron da suka ɗauko sai da suka biya mai shi, kuma da wannan amana Zango ya kafu. Kuɗin da za mu ba yaron unguwa ya yi mana kiɗa bai kai asarar bidiyon da aka toshe ba, kuma kiɗan zai yi mana aiki a Kirsimeti, a ɗan gyara shi ya yi a Ƙaramar Sallah da Babba. Duk mai niyya ya fara tun watan Nuwamba, kafin situdiyo su cika. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka.