Bayan Mun Dawo Daga Maƙabarta: Mu Ajiye Babur Ko Mu Ci Gaba Da Hawa?

Duk wanda ya taɓa sauka a Tamale, ko da wucewa ya yi da kayansa zuwa Paga ko Bawku, ya san cewa babur shi ne ƙafar mutanen garin. Malamin makaranta a kansa yake tafiya aiki, haka ma'aikaciyar jinya, haka Hajiya mai sayar da atamfa a kasuwar Aboabo, ga goyo a baya ga kaya a gaba. A nan Sagnarigu kuwa, wadda aka yanke daga Tamale aka mai da ita gunduma a shekarar 2012, unguwanni irin su Kanvili da Jisonayili da Gurugu sun yi ta faɗaɗa, ta yadda wanda ba shi da "moto", kamar yadda muke kiransa a nan, kullum a makare yake.

A hunturun da ya gabata ne muka rasa ɗaya daga cikinmu, wani ɗan kasuwa magidanci da muka shafe shekaru muna zama a majalisa ɗaya da shi. Ya rufe shago bayan sallar Magariba, ya kama hanyar Bolgatanga zai koma gida, ga hazo ya rufe gari, sai ya afka wa wata babbar mota da ta lalace aka bar ta a gefen titi ba fitila ba wata alama. Waɗanda abin ya faru a gabansu sun shaida mana cewa ba gudu yake yi ba. Jikinsa bai samu wani rauni na a zo a gani ba, kai ne ya bugu, kuma kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Hular kwanonsa kuwa, a rataye aka same ta a hannun babur ɗin. Allah Ya jiƙansa, Ya kyautata namu ƙarshen.

Washegari a kan babura muka raka shi makwancinsa, a kan babura muka dawo, amma masu hular kwano a cikinmu ba su fi a ƙirga su da yatsun hannu ɗaya ba. Mu ma da muke wannan rubutu, kanmu a buɗe yake ranar. Wannan ne ya sa muka kai maganar gidan rediyonmu, muka buɗe layi ga masu sauraro.

Abu na farko da muka gano shi ne, tsoron da ya kama mu ba mu kaɗai ya kama ba. Wani abokin marigayin ya shaida mana cewa ya yi mako biyu bai tayar da babur ɗinsa ba, domin da zarar ya riƙe hannun sai ya ji jikinsa na rawa. Wani kuma ya riƙa zagaye mai nisa don kada ya bi ta inda abin ya faru. Akwai wanda barci ya ƙaurace masa, akwai wanda mai ɗakinsa ta ɓoye masa makulli. Da yawa daga cikinmu sun yi ta ɓoye wannan hali don gudun kada a ce musu ragwaye, alhali ba ragwantaka ba ce, hali ne na ɗan Adam idan ya ga mutuwa ta ɗauki na kusa da shi. Wanda abin ya wuce masa wata guda yana hana shi barci ko neman abinci, to ya je ya ga ma'aikatan lafiya, babu abin kunya a ciki.

Ra'ayin jama'a ya rabu gida uku. Wasu sun ce sun yi sallama da babur har abada. Ɗaya daga cikinsu, wani dattijo da ganinsa ya fara rauni da dare, ya sayar da nasa ya koma shiga keken nan mai ƙafa uku da ake kira yalo-yalo. Ba mu ga laifinsa ba, hasali ma mun yaba masa, domin ya san kansa.

Rukuni na biyu su ne masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, don haka da hula da babu hula, idan kwana ya ƙare ya ƙare. Babu musulmin da ke jayayya da ƙaddara. Sai dai limamin da ya yi mana nasiha a wurin addu'ar bakwai ya tuna mana da mutumin nan da aka umurta ya ɗaure raƙumarsa tukuna sannan ya dogara ga Allah. Ai Hausawa ma sun ce taya Allah kiwo ya fi Allah na nan. Mutumin da ke garƙame shagonsa da kwaɗo biyu kowane dare bai bar shagon ga ƙaddara ba, don me zai bar mata kansa?

Rukuni na uku, wanda ya fi yawa, su ne waɗanda ba su da zaɓi. Mai karatu da ke harka a Paga ko Kulungugu ko Sinkase ya fi kowa sanin haka: da babur ake bin bashi, da shi ake kai kaya ƙauyen da mota ba ta shiga da damina, da shi ake kai yara makaranta da mai naƙuda asibiti. Ko a Kano da gwamnati ta hana acaɓa a watan Janairun 2013, jama'a ba su koma tafiya a ƙasa ba, A Daidaita Sahu ce ta maye gurbin. A wurin irin waɗannan mutane, zancen ajiye babur zancen ajiye tukunya ne. Abin da ya rage musu shi ne su sauya yadda suke hawa.

A nan ne alƙaluma ke da amfani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗurran hanya duk shekara, kuma a Ghana kaɗai kusan mutum 3,000 ne suka rasu a 2021. Hukumar ta daɗe tana bayanin cewa hular kwano mai inganci, idan an ɗaure ta daidai, tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, tana kuma rage mummunan rauni a kai da kusan kashi 70. Dokar hanya ta Ghana ta shekarar 2004 ta wajabta hular a kan mai tuƙi da wanda ya goya. A Kigali ta ƙasar Ruwanda, ɗan acaɓa da hula biyu yake yawo, tasa da ta fasinja, kuma ba a ɗauki hakan baƙon abu ba.

Mun san uzurorin da ake kawowa, domin mu ma mun sha kawo su. Ana cewa zafi, musamman a watan Maris da rana ke kaiwa maki 40. Ana cewa tana ɓata hula da ɗaurin ɗankwali ranar Juma'a ko ranar biki. Ana cewa nan da nan ne, ba nisa. Marigayin namu saura tafiyar minti biyar ya isa ƙofar gidansa. Wasu kuma suna sa hular ne kawai idan sun hango 'yan sanda, su bar igiyar a sake, alhali hular da ba a ɗaure ba ita ke fara tashi kafin mutum ya kai ƙasa.

Bayan addu'ar arba'in, mu 'yan majalisarsa muka zauna muka ɗauki alkawari a tsakaninmu. Ba mai tayar da babur sai da hula a ɗaure, kuma mun haɗa kuɗi mun saya wa waɗanda ba su da ita. Ba mai hawa da dare da fitilar da ba ta da ƙarfi ko birkin da ke wasa. Ba amsa waya a kan tuƙi, ba lodin mutum uku ko huɗu, ba miƙa wa yaron da bai kai shekara 18 ba makulli. A kan titin Bolgatanga, inda tirelolin da suka taso daga tashar jiragen ruwa ta Tema ke wucewa zuwa Burkina Faso da Mali da Nijar, mun yarda mu rage gudu da zarar rana ta faɗi, musamman lokacin hazo. Kowa kuma ya ajiye lambar gaggawa ta 112 a wayarsa, tare da sanin cewa ba a fizgar wanda ya faɗi ko a juya masa wuya da sunan taimako.

Haka kuma mun kafa wani ɗan asusu da kowa ke zuba abin da ya sawwaƙa duk Juma'a, don iyalin da ya bari. Matarsa ta gama takabarta ta wata huɗu da kwana goma, ta buɗe shagon, yara suna zuwa makaranta. Abokin nan da jikinsa ke rawa shi ma ya koma hawa, amma a hankali: ya fara da cikin unguwa da safe, wani na biye da shi, kafin ya sake fita babban titi.

A ƙarshe muna kira ga Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka ƙara wa iko a shekarar 2019, da jami'an 'yan sanda masu kula da hanya, da su sa ido a kan manyan motocin da ke lalacewa a bar su a titi ba alama. Su ma dillalan babura a kasuwanninmu na kan iyaka, ya kamata duk wanda ya sayar da babur ya haɗa wa mai saye da hula ta ƙwarai. Mu kuwa mahaya, gemun ɗan'uwanmu ya riga ya kama da wuta, sai kowa ya shafa wa nasa ruwa. Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya mai da kowa gida lafiya, amin.